Tafkin Bosumtwi, ruwan da ba shi da mafita

Daga Kumasi zuwa tafkin Bosumtwi kimanin kilomita 30 ne, kudu maso gabas. Mun taso daga Aboabo bayan sallar asuba, ni da ɗan mai masaukina, muka shiga motar haya da 'yan Ghana ke kira trotro zuwa Kuntanase. Daga can hanya ta fara hawa tsakanin gonakin koko da ayaba. Ba ka ganin alamar ruwa ko kaɗan sai ka kai ƙoli, an karɓi kuɗin shiga a shinge, sannan mota ta juya hanci ƙasa. A nan ne tafkin ya bayyana, zagaye cif, tsaunuka sun kewaye shi ta kowace kusurwa, kamar ƙwarya da aka cika rabi. Gangaren Abono, ƙauyen da baƙi suka fi sauka, yana da kwana-kwana, har wata tsohuwa da ke gefena ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu.

Wannan ne kaɗai tafkin Ghana da ba hannun mutum ya tare shi ba. Babban tafkin Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi. Bosumtwi kuwa rami ne da wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya haƙa, shekaru sama da miliyan ɗaya da suka wuce. Faɗin ramin kilomita 10.5, faɗin ruwan kimanin kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. Ƙarfin faɗowar ya narkar da ƙasa ya watsa ta, har a Kwaddibuwa ana tsintar ɓurɓushinta da ya daskare ya zama gilashi. A 2004 masana suka kafa injin haƙa a kan ruwan, suka ciro laka da dutse daga ƙarƙashinsa don karanta tarihin damina da fari na wannan yanki.

Asantawa suna da nasu labarin: wani maharbi ne ya biyo barewar da ya harba, ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace, shi kuwa ya zauna yana kamun kifi. A al'adarsu wuri ne mai tsarki, inda rayukan matattu ke zuwa yin ban kwana. Ni ba aƙidata ba ce, amma na lura da abin da ta haifar. An daɗe ana ƙyamar ƙarfe ya taɓa ruwan, saboda haka masunta ba su da kwalekwale irin na Yawuri ko na tafkin Chadi. Abin da suke hawa sunansa padua, falle ɗaya na katako mara nauyi. Mutum ya hau ya saki ƙafafu cikin ruwa, ya yi tuƙi da tafin hannu ko da sakaina, ragarsa a gabansa.

"Kawu, ka gwada mana," in ji yaron, yana dariya tun kafin in amsa.

"Kai dai ka gwada, ni zan riƙe maka waya."

Ya gwada. Katakon ya juye da shi tun ruwa bai wuce ƙugu ba, yaran ƙauyen suka yi ta shewa. Mai katakon, dattijo mai furfura, ya hau ya nuna masa inda ake ɗora nauyi, ya yi gaba abinsa ba tare da ruwan ya ko motsa ba. Na shiga na yi wanka a gefe. Ruwan ɗumi ne, ba shi da igiya. Can gaba ana hango kututturan matattun itatuwa tsaye cikin ruwa, shaidar lokacin da tafkin ya cika ya ci gonaki, ya tilasta wa ƙauyuka matsawa sama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ruwan nan ba shi da mafita. Ruwan sama da 'yan ƙoramu ne ke shiga, rana ce kawai ke ɗebewa. Duk abin da ya gangaro daga tsaunukan, takin zamani ne, maganin feshin koko ne, kumfar sabulun wanki ce, ledar ruwan da baƙo ya jefar ce, nan zai zauna. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya tafkin cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittunsu tare da mutanen da ke rayuwa a ciki, kuma ƙauyuka sama da ashirin ne ke ci daga gare shi. Takarda dai ta samu. Amma a bakin ruwan Abono ga jirgi mai inji yana ɗibar masu yawon shaƙatawa, ana kiɗa, ana ɗaukar hoto. An yi mini tayin shiga na ƙi, ba don na fi kowa ba, ƙarar ce ba na so. A ganina tsohon hanin ƙarfen nan ya fi allon sanarwa aiki, domin shi ba ya buƙatar mai gadi.

Da rana ta karya muka bi wata siririyar hanya ta gefen ruwa zuwa ƙauye na gaba, sannan muka ɗan hau tudu. Hawan ya fi yadda ido ke nunawa wuya, ga zafi mai ɗanko. Daga sama ana ganin inda daji ya rage da inda aka sare aka shuka rogo da masara, jar ƙasa a buɗe tana jiran ruwan farko ya wanke ta zuwa ƙasa. Manomin ba mugu ba ne, gonar ce abincinsa, kuma gangaren shi ne filin da yake da shi.

Muka sauko da yunwa. Wata mata tana soya ƙananan karfasa a bakin hanya, muka saya da dokunu da barkono. Na ce mata kifin sun yi ƙanana. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Alhaji, wanda aka samu ke nan, manyan sai a bakin kakata." Ta ƙara mana biyu gyara, ta ce mu hanzarta, motar Kuntanase ba ta jiran magariba.