Maganin da Ba a Saye a Ƙauyukan Ailan

Tsakanin 1937 da 1939, hukumar adana al'adun gargajiya ta ƙasar Ailan ta tura 'yan firamare kimanin 50,000 wurin kakanninsu da tsofaffin unguwa, su rubuto abin da suka ji daga bakinsu. Littattafan suna ajiye a wata jami'a a Dablin, kuma zancen magani ya cika su. A ƙasar Hausa magani sana'a yake bi: ƙuna sai maƙeri, ƙayar kifi sai masunci, karaya sai gidan maɗori. A Ailan kuwa haihuwa ko aure ke ɗora wa mutum shi. Ɗa na bakwai, wanda ubansa ma ɗa na bakwai ne, shi ke da maganin makero. Jaririn da bakinsa ya yi fari da ciwo, wurin wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa ake kai shi, ya hura masa numfashi a baki. Matar da ta auri mai sunan dangi irin nata, gutsuren burodin da ta miƙa wa yaro shi ne maganin tarin shiƙa.

Ƙa'idoji biyu ke tafe da wannan baiwa, kuma a ganina su suka kare mata mutunci har yau. Galibi cuta ɗaya tak mai maganin ya sani, sannan ba ya karɓar ko sisi, don sun yi imani kuɗi na karya maganin. Biddy Early, shahararriyar mai maganin yankin Clare da ta rasu a 1874, an san ta da karɓar abinci da abin sha maimakon kuɗi. Wanda ba ya cin abinci da majinyaci ba shi da dalilin riƙe shi idan ciwo ya fi ƙarfinsa, ko hana shi zuwa asibiti. A gwada wannan da mai lasifikar da ke tsayawa a tasha da kwalba ɗaya, yana lissafa mata basir da shawara da ciwon sukari. Kasuwa ce ta tsawaita jerin.

Wani zai ce manomin Ailan yana da shanunsa, kyauta ba ta rage shi da komai, namu kuwa da maganin yake ciyar da iyali. Ga wanzami wannan gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne ya karɓi ladan kaho. Amma maƙeri da ƙira yake ci, masunci da su, kuma shi ya sa aka fi yarda da tofinsu a kan kayan 'yan talla. Abin da Ailan ta riƙe, mu ma muna da tushensa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce kyauta ba ta mai da camfi magani, kuma ban musa ba. Numfashi ba ya kashe ƙwayar cuta, yawancin waɗannan cututtuka da kansu suke lafawa. Camfi kuma yana kisa ko ba a biya ba: a 1895, a Tipperary, Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget tana jinya, yana cewa aljanu sun musanya ta, kotu ta ɗaure shi shekara 20. Hana karɓar kuɗi bai kare ta ba, don kwaɗayi kaɗai yake toshewa. Sai dai a tashoshinmu da gidajen rediyonmu, ta wannan ƙofa ta kwaɗayi ce ake raba mai ciwon sukari da kuɗinsa da kuma likitansa.