Fuska cikin ruwa a Kozumel

A tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko, inda manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa ke yada zango, kullum akan samu fasinjan da bai iya iyo ba. Yakan tsaya a gefe riƙe da tabarau da bututun numfashi, gabansa na faɗuwa, alhali ƙasan ruwan nan akwai jerin duwatsun murjani mai tsawon kusan kilomita 1,000, na biyu a girma a duniya.

Mai taimako na kirki ba ya cewa "ai ba komai." Rigar hana nutsewa yake fara ɗaura masa, ya kai shi inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Nan za su daɗe. Hanci na rufe cikin tabarau, dole a koyi numfashi ta baki, kuma wannan ne ya fi tayar da hankalin sabon shiga. Sai ya tsoma fuska, ya ja numfashi uku, ya ɗago. In ruwa ya shiga bututun, ya fesar da ƙarfi.

Tekun ma na taimakawa: kowace lita na ɗauke da gishiri wajen giram 35, shi ya sa jiki ke tasowa sama fiye da a kogi.

Daga nan sai sabon shigan ya kwanta rub-da-ciki, yatsunsa danƙe da hannun mai taimakonsa, kifaye masu ratsin rawaya na giftawa ƙarƙashinsa. Idan ya ce ya isa, a fito da shi nan take, kada a roƙe shi ya ƙara ko minti ɗaya.