Zuwa ga ɗana Abba, a kan muryar da ke cikin motarsa

Abba,



Ranar Juma'ar da ta wuce ka shigo gida ƙarfe biyu na dare, idanunka jajur, mahaifiyarka kuwa tana kan sallaya tun bayan isha'i. Da na yi maka faɗa sai ka yi dariya ka ce, "Baba, ai ba ni kaɗai ba ne, motar tana taya ni hira." Da safe ka ja ni ka nuna mini. Ka yi mata Turanci ta amsa, har da 'yan tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Na yi shiru saboda ƙannenka na wurin. Yanzu zan yi magana, kuma a fili, don ba kai kaɗai ne ke barin Abuja bayan an tashi daga aiki ba.

Ban raina abin ba, har bincike na yi a kai. Kamfanin Volvo ya fara sa na'urar gano gyangyaɗin direba a 2007, Mercedes ya biyo baya a 2009. Wata tana lura da yadda mota ke karkacewa daga layinta, wata da yadda hannu ke murza sitiyari, na baya-bayan nan har da kyamarar da ke kallon fatar ido. In sun ga alama sai su yi ƙara, su nuna hoton kofi. Tun Yulin 2024 doka ce a Tarayyar Turai kowace sabuwar mota ta zo da irin wannan gargaɗi. Yanzu ga murya an ƙara. Dabara ce mai kyau, amma ba sabuwa ba ce. Mu ma mun yi ta, sai dai tamu tana cin tuwo, sunanta yaron mota.

Shekara 23 na yi ina jan tirela daga Kano zuwa Legas. Wani dare, tsakanin Tegina da Mokwa, gab da asuba, na tauna goro har muƙamuƙina ya gaji, kaset ɗin Shata na ta juyawa, yarona na ba ni labarin bikin ƙanwarsa. Ina amsa masa, "Haka ne, haka ne." Wallahi ina amsawa. Abin da na farga da shi kawai ƙarar tsakuwa ce a ƙarƙashin taya, da dukan da ya kai mini a cinya. Kan motar ya riga ya sauka daga kwalta, ga kaya fal a bayanmu. Allah ya yi da sauran kwana. A daren na gane cewa baki na iya ci gaba da amsa hira alhali mai bakin ya tafi.

Da muka tsaya, yaron nan da nake biya, wanda ko ido ba ya haɗawa da ni, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Ya ce, "Oga, yau ko za ka kore ni, sai ka kwanta." Taka fa? Yatsa ɗaya ka sa ta yi tsit. Wannan ne ke tayar mini da hankali. Da babu ita, da tun a Kaduna tsoro ya sa ka nemi wurin kwana. Ita ce ta ba ka ƙarfin halin wucewa.

Kai ɗan boko ne, yi lissafin da kanka. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya fi tsawon filin ƙwallo, ba kowa a sitiyari. Masu bincike a Ostareliya sun nuna tun 1997 cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarinsa yakan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ka tashi ƙarfe biyar don asuba, ka wuni a ofis. Ƙarfe goma na dare ka cika awa 17, ga fiye da rabin hanya a gabanka. Kai da ko warin giya ba ka so.

Ban ce ka kashe ta ba. Ka bar ta ta karanta maka saƙo, ta nuna hanya, hannunka ya huta da taɓa waya. Amma ranar da ta nuna maka kofin nan, ko ka ji ka manta garin da ka wuce yanzun nan, hira ta ƙare. Nemi gidan mai inda akwai haske da mutane, sha shayi mai kauri, kwantar da kujera minti 20.

Na san za ka ce hanyar nan ba ta tsayuwar dare ba ce. Gaskiyarka, shi ya sa ma ba ta tafiyar dare ba ce. In za ka zo ƙarshen wata, kwana a Abuja, ka taso ran Asabar bayan gari ya waye. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka miyar kukar ba inda za ta, za ta ɗumama maka.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka