Abincin mace a kwanakin al'ada da bayansu

A gidajenmu da yawa, idan aka sauke tukunya, tsoka da hanta kwanon maigida suke tafiya, yara su samu nasu, uwargida kuma ta haƙura da abin da ya rage. Alhali ita ce take zubar da jini duk wata. Mace mai al'ada tana buƙatar sinadarin ayon, wanda jiki yake gina jini da shi, kusan miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8 sun ishe shi. Jirin nan da kasala da muke cewa gajiyar aiki ce, sau da dama ƙarancin jini ne. Haka ma yawan sha'awar tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa.

Abin da muka saba yi shi ne mu haɗa Maltina da madarar gwangwani mu ce ƙarin jini. Akwai daɗi, amma ayon ɗin da ke cikin madara bai taka kara ya karya ba. Hanta da jan nama da kifi su ne kan gaba, sai wake, awara, zogale, alayyafo, da ganyen ugu da ya cika kasuwanninmu na nan Kudu. Ayon na ganye da wake ba ya shiga jiki da sauƙi, shi ya sa ake so a haɗa da ɗanyen tumatir, ko lemo ko gwaiba bayan cin abinci. Shayi kuwa tare shi yake yi. Ba mu ce a daina ba, mun san halinmu da shayi, a dai bar tazarar awa guda tsakaninsa da abinci.

Idan al'ada ta kusa, ciki yakan kumbura, kwaɗayin zaƙi ya taso. A rage gishiri da magi, a yawaita ruwa, a ci ayaba ko gyaɗa. Kwanakin da muka fi sakaci da su kuma su ne na bayan an yi wanka, lokacin da jiki yake mayar da abin da ya rasa, musamman ga 'yan matanmu da suke kan girma.

Wadda jininta yake wuce kwana 7, ko take canza auduga duk awa, abinci kaɗai ba zai wadatar ba. Ta je asibiti a auna jininta, maigida kuma ya ba da kuɗin mota ba tare da dogon tambaya ba.