Kufan Wharram Percy

Da ƙafa na gangara zuwa Wharram Percy a lardin Yorkshire na Ingila, na iske kufai: kangon cocin St Martin, da 'yan tuddai masu ciyawa inda gidaje suke a da. Sunan ƙauyen yana cikin kundin Domesday na 1086. Annobar 1349 ta rage mutanensa, amma ba ita ta tashe su ba. Ulu ne ya yi daraja, masu ƙasa suka ga tunkiya ta fi manomi riba, suka kori iyalan da suka saura wajen shekarar 1500. Daga 1950 masana suka shekara 40 suna tonon wurin. Na daɗe tsaye ina jimamin manoman nan. Sun tsallake annoba, kwaɗayin iyayen gidansu ya raba su da gonakinsu.