Azagor: zafin bazara da hankalin tsofaffi

Wanda ya bar Maraɗi da asuba, ya bi ta Tibiri da Kornaka, hantsi zai yi masa a Dakoro, wajen kilomita 120 arewa. Daga nan kwalta ta yi sallama da matafiyi, sai rairayi da ƙaya har Azagor, ƙaramar hukumar karkara da ke kusa da kwarin Tarka, inda gonakin Hausawa ke haɗa kafaɗa da makiyayar Buzaye da Fulani. A wannan shiyya ce dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ko da yake hauya ta daɗe da tsallake ta.

Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, wata rana ya taɓa 45. Masu ƙarfi suna bakin rijiya, raƙumi na jan wasaki, wasu kuma sun tafi cin rani. Tsofaffi ne ke tsaron gida, suna bin inuwar aduwa duk inda ta karkata.

Mai karatu da ke sauraren rediyon ƙasashen waje, ko yake duba salula, wataƙila ya ji ana cewa zafi na kare ƙwaƙwalwar tsoho daga mantuwa. Maganar tana da tushe. A Kuopio ta ƙasar Finlanda, likitoci sun bi lafiyar maza 2,315 masu shekara 42 zuwa 60 har kimanin shekara 20, sakamakon ya fito a 2017. Mutanen can suna da ɗakin zufa na katako da suke kira sauna: a gasa duwatsu har zafi ya kai wajen digiri 80, mutum ya zauna kamar minti 15. Waɗanda ke shiga sau 4 zuwa 7 a mako, an tarar haɗarin gigin tsufa a gare su ya ragu da kashi 66 cikin ɗari in an gwada da masu shiga sau ɗaya. Ana jin zafin yana buɗe hanyoyin jini ya sassauta hawan jini, shi kuwa hawan jini tsohon abokin gabar ƙwaƙwalwa ne. Sai dai lissafin bai tabbatar da cewa ɗakin ne ya yi aikin ba, domin mai iya shiga wuta kullum dama da sauran ƙarfinsa.

Bahaushe ba baƙon magani da zafi ba ne. Ya san surace, inda ake tafasa ganyen bedi a lulluɓe mai zazzaɓi da bargo bisa tukunya, ya kuma san wankan jego. Ya san illarsa ma: a shekarun 1970 likitocin asibitin jami'ar Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan ruwan zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta ƙarƙashi, da kunun kanwa.

To, in zafi magani ne, ai da tsofaffin Azagor sun fi kowa dacewa, tunda kyauta suke samunsa. Abin da ya raba su da mutumin Finlanda shi ne ƙofa. Shi ya shiga da ƙafarsa, in ya ji ya isa ya fito cikin sanyi, ya sha ruwa har ya ƙoshi. Tsohon Azagor ba shi da inda zai fita. Rana ta gasa shi, dare bai huce ba, ruwan randa kuma da awo ake shansa. Jikin tsoho ba ya zufa kamar na yaro, ƙishirwa ma ba ta cika buga masa ƙofa da wuri ba, har jiki ya bushe shi bai sani ba. A ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali. Cikin kwana huɗun farko na watan, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya gawa 102, da yawansu sun haura shekara 60, ana tsakiyar azumi. A ƙauye irin Azagor babu mai rajistar irin wannan mutuwa. Sai a ce kwana ne ya ƙare.

Akwai kuskuren da ke cin rai a nan. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin shekaru: yau a manta inda aka ɗaure akuya, baɗi a manta sunan jika. Amma dattijon da ya kwana lafiya, azahar ta yi ya fara sambatu bai gane ƴaƴansa ba, ba a yi saurin cewa tsufa ne ko iska ba. Sau da yawa bushewar jiki ce ko zazzaɓi. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, in yana iya haɗiya a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan, a nemi majo a gidan likita. Wannan ruɗewa tana warkewa in an yi hanzari.

Shi kuwa gigin tsufa na ainihi, kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari nasa. Ɗakin zufa ba ya cikinsu. Akwai hawan jini, da ciwon sukari, da kurumta, da raunin gani, da taba, da kaɗaici. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya baro mahaifi a arewacin Dakoro yakan aika buhun hatsi da shayi da sukari, kuma ya kyauta. Da wuya ya tambaya yaushe rabon da a gwada tansiyon tsohon, ko wa ke hira da shi tun da samari suka tafi.

La'asar sakaliya, ƙura ta taso daga wajen rijiya, garke ya doso gida. A lokacin ne tsofaffi ke barin gindin aduwa, a shimfiɗa tabarma a fili, a ɗora butar shayi bisa gawayi, ana jiran iskar da wani lokaci ba ta zuwa sai tsakar dare.