Auta ta san iyakar hannunta

A wani ƙauye na ƙasar Matamaye, cikin jihar Damagaram, akwai wata yarinya. Ita ce ƙarama a ɗakin uwarta, don haka kowa Auta yake ce mata. Ubanta manomi ne. Yana noma hatsi da wake da gujiya. Yana da shanun huɗa biyu da amalanke ɗaya.

Auta tana da shekara 12 yayarta ta yi doguwar naƙuda. Kwana biyu tana durƙushe cikin ɗaki. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo. Ba wanda ya san lokaci yana wucewa. Ran kwana na uku aka aza ta bisa amalanke, aka nufi gidan likita. Ba a kai ba. Amalanken da ya tafi da ita, shi ya maido da gawarta. Auta ba ta manta da wannan rana ba.

Ta ci gaba da zuwa lakkwal har ta ci jarrabawar birbe. A shekarar nan manema suka fara zuwa gidan. Wata rana da dare ta durƙusa gaban ubanta, ta ce:

"Baba, ina son in koyi aikin likita."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ɗiyata, shekara nawa ake yi?"

Ta ce: "Uku, Baba."

Ya ce: "Shekara uku ba kwana uku ba ne. Mi zan ce ma mutane?"

Uwarta tana bakin ƙofa. Ta ce: "Malam, da akwai mace mai sani a garin nan, da ba a bar yarinyar nan kwana biyu cikin ɗaki ba." Ba ta ƙara cewa komi ba.

Ran kasuwa uban ya kai sa ɗaya ya saida, don kuɗin abinci da masauki da littattafai. Damana ta gaba sai da ya gama sansa da na maƙwabci kafin ya yi huɗa. Mutane suka yi ta magana. Wasu suka ce ya saida sa ya sayi iska.

Auta ta tafi Damagaram. Can akwai makarantar gwamnati ta koyon aikin kiwon lafiya. Akwai irinta a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Damure Zika. Wanda ya ci birbe yana iya karatun shekara uku, ya fito ƙaramin ma'aikacin kiwon lafiya, wanda ake ce ma ASB. Shi ba babban likita ba ne. Mataimaki ne. Amma a ƙauye, sau da yawa shi ne na farko da marar lafiya zai gani.

Watannin farko sun yi mata wuya. Karatu da Faransanci ake yi, sunayen cututtuka kuwa dogaye. Ta ɗauka ran farko za a ba ta allura ta riƙe. Ina! Wankin hannu da sabulu aka fara koya mata. Bayan haka aka koya mata kallo, da tambaya, da ƙirga.

Ta koyi awon zafin jiki. Zafin mai lafiya yana wajen 37. Ta koyi ƙirga numfashin yaro cikin minti ɗaya. Jinjirin da ya kai wata 2 bai cika shekara ba, in numfashinsa ya kai 50, yana sauri. Yaro mai shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, yana sauri. In ga tari ga saurin numfashi, ciwon huhu ake zato.

Ta koyi awon damtsen yaro da zare mai launi uku. Kore lafiya. Rawaya a yi hattara. Ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Ta koyi haɗa ruwan zawo: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ta koyi ɗiban ɗigon jini a yatsa don gane masassarar cizon sauro. Bayan kamar minti 15 amsa take fitowa. Ta koyi ajiye maganin shaushawa cikin sanyi, tsakanin 2 da 8, don zafi yana kashe ƙarfinsa. Ta koyi awon ciki da karɓar haihuwa. Kowace shekara ana aika su gidajen likita, su yi aiki da hannunsu gaban manya.

Wata tsohuwar ma'aikaciya da ta yi aiki ƙarƙashinta takan ce mata: "Ƴar nan, koyon allura sati ɗaya ne. Abin da ke ɗaukar shekara uku shi ne sanin ciwon da ya fi ƙarfinki." Ta sa Auta ta hardace alamomi huɗu na haɗari ga yaro: in ya kasa shan nono ko ruwa, in yana aman duk abin da ya ci, in yana jijjiga, in ya langaɓe ba ya farkawa sosai. Wanda aka ga ɗaya daga cikinsu gare shi, ba a riƙe shi a ƙauye. Gaba ake aika shi nan take.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a karkarar Nijar. Tun shekarun 1960, a ƙasar Maradi, ƙauyuka suke zaɓen ƴan agaji da arwanka, a yi masu horo na ƴan kwanaki, a ba su akwatin magani. Daga shekarar 2001 gwamnati ta gina ƙananan ɗakunan likita fiye da 2000 cikin ƙauyuka. A shekarar 2006 aka yafe kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, da kuɗin awon ciki. Amma ɗaki ba ya duba marar lafiya. Sai da mutum a ciki, mai sani, wanda ya yarda da zaman ƙauye.

Auta ta ci jarrabawar fita. Aiki bai zo da wuri ba. Shekara guda ta yi tana taimako a gidan likitar CSI ba albashi. Maganar sa ta sake tashi a majalisa. Uban bai tanka ma kowa ba. Daga baya aka ba ta ɗakin likitar wani gari kusa da nasu.

Nan ma ba a karɓe ta da sauƙi ba. Mutane allura suke so. Ita kuwa sai ta auna, ta yi tambaya, ta ba da ƙwaya ko shawara. Har gwaggonta ta zo da ciwon jiki, ta ce a yi mata allura.

Auta ta ce: "Gwaggo, ciwonki ba na allura ba ne."

Gwaggo ta ce: "Ke da na goya, ke za ki hana ni?" Ta fita da fushi. Wata biyu ba ta amsa gaisuwar Auta.

Cikin watan Satumba, lokacin da sauro ya yi yawa, aka bugo mata ƙofa da tsakar dare. Jikan gwaggon ne, ɗan shekara 2. Jikinsa kamar wuta, yana jijjiga. Ta ɗiba jini a yatsa: masassarar sauro ce. Ta buɗe tafin hannunsa da cikin idonsa, ta ga fari fat. Jininsa ya yi ƙasa.

Uban yaron ya ce: "Yi mashi allura, mu jira safe."

Ta ce: "Yaya, wannan ya fi ƙarfina. Ƙarin jini yake so, ni ba ni da jini a nan. In muka jira safe, ina tsoron abin da zai faru."

Wani daga bakin ƙofa ya ce: "Shekara uku tana karatu, ga shi ta ce ba ta iya ba!"

Maganar ta soke ta, amma ba ta amsa ba. Ta sa ma yaron maganin da ake sawa ta dubura kafin tafiya. Ta rubuta takarda. Ta kira CSI da salula. Ta aika aka tada ubanta. Ya ɗaura sansa da na maƙwabci, suka ɗauki yaron har bakin hanyar mota. Kafin rana ta fito suna babban gidan likita na gunduma. Aka auna jinin uban yaron, ya dace, aka ɗiba aka ƙara ma ɗansa.

Bayan kwana biyar suka komo gida, yaron yana zaune bisa cinyar uwarsa. Amalanken nan ne dai na dā. Wannan karo da rai ya komo.

Washegari gwaggo ta aiko ma Auta da ƙwaryar fura. Ba ta ce komi ba game da allura. Da awon ciki ya zo, ita da kanta ta rako matan gidanta biyu.

Yanzu ubanni suna zuwa wurin uban Auta, suna tambaya yadda ake shiga makarantar. Yakan ce masu: "A bar yarinya ta kai birbe tukuna. In makarantar kuɗi za ku kai ta, ku bincika ko gwamnati ta yarda da takardarta. Ku shirya ma shekara uku, kada ku sa ran albashi da wuri."

Sukan ce: "To, san da ka saida fa, Malam?"

Shi kuwa yakan ce: "Har yau ban mai da shi ba. Amma ga yaron can yana kora awaki."